Yadda Na Kimanta Makarantar Ɗanlarai

Ranar Talata ce, ƙarshen damina. Ɗanlarai ya riga ni zuwa masallaci da asuba, abin da ba ya yawan faruwa. Da aka idar ya tsaya a bakin ƙofa yana jira har na gama gaisawa da mutane. Muka tako tare, yana gaba yana nuna min inda ruwan jiya ya kwanta a lungu. Sai da muka iso zaure ya ce, "Baba, yau dai za ka duba min abin nan." Na ce to.

Ɗana ne na fari. Sunansa na yanka Umar, sunan mahaifina, don haka ba wanda ke kiransa da shi a gidanmu na Ƙofar Wambai. Ranar haihuwarsa muka riƙe.

Da rana ta ɗaga, matarsa Amatullah ta aiko mana da kunun gyaɗa da ƙosai. 'Yarsu Habibatu, mai shekara uku, ita ta ɗauko cokula, ta haye cinyata ta fara cinye min ƙosai. Na ce, "Amarya, haka za ki riƙa yi min in kin tare?" Ta ce ita ba ta auren tsoho. Ɗanlarai ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi.

Da hantsi ya fito da kwamfutarsa ya ɗora a kan tabarma. Abin da yake so in duba makaranta ce da ba ta da gini. Akwai wata manhajar koyarwa ta intanet wadda masu ita suka bar ta a buɗe: kowa na iya ɗauka kyauta, ya gyara ta yadda ya ga dama, ya buɗe ajinsa a ciki. Shi da abokinsa Obadiya, wanda suka yi jami'a tare, suka ɗauke ta, suka mayar da rubutunta Hausa, suka zuba darussan lissafi don manyan da suka faɗi jarrabawar gama sakandare suna son sake zama: teloli, matan aure, masinjojin ofis, 'yan sanda. Ɗanlarai ke karanta darasi da muryarsa, Obadiya ke kula da na'ura, su biyun kuma suna duba aikin ɗalibai. Zango biyu suka yi na gwaji. Yanzu suna so su san ko abin zai riƙe kansa ya riƙe su, ko kuwa su koma neman aikin albashi.

Ni kuwa aikin da na yi har ritaya shi ne kimanta kadara a ma'aikatar filaye.

Ya ce, "Ka yi wa gidajen rabin garin nan kuɗi. Ka yi wa nawa."

"Ina filin?"

"Babu."

"Takardar mallaka fa?"

"Babu."

"Ginin na bulo ne ko na ƙasa?"

"Haba Baba."

"To ni me zan ja wa tef?"

Ya karɓi wayata ya yi 'yan danne-danne ya miƙo min. "Na sa ka a aji ɗaya. Ka fara zama ɗalibi tukuna, sannan ka yanke hukunci. Ban da satar amsa, malamin ya san ka."

Gab da azahar Obadiya ya iso daga Yelwa, ya gaishe ni a durƙushe, bai ko gama zama ba ya fara kai ƙara. "Baba, ka gaya masa ya rufe ƙofa. Mutum ɗaya zai biya, ya sauke darasi a waya, goma su saurara."

Ɗanlarai ya ce, "Bar su su ji."

"Ka ji ko, Baba? Zai ciyar da Bauchi kyauta, ni in sha iska."

"Kai da ke share tuwon gidanmu kullum?"

Bayan azahar suka ci shinkafa da wake a faranti ɗaya. Obadiya ya tafi. Ɗanlarai ya kishingiɗa a zaure, hula a kan fuska, ya yi barcin da bai daɗe ba. Kafin la'asar ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya nufi Miri.

Muna da gona a Miri tun daga kakana, da rumbuna biyu na ƙasa. A cikin gari ba ya samun naɗar murya: in ba janareta ba, to babura, in kuma ruwa ya sauko kwanon rufi ya hana a ji komai. Wata rana ya leƙa rumbun da babu hatsi a ciki, ya yi gyaran murya, ya ji ba amsa-kuwwa ko kaɗan. Tun daga nan sai ya hau tsani ya zura ciki, ya zauna a kan buhu da makirufo a hannu, ya bar murfin jinka a ɗan buɗe don iska. Yana gaggawar gamawa kafin kaka ta zo a cika rumbun.

Ya yi la'asar a can, ya naɗi abin da ya rage masa, ya ɗora a manhajar. A hanyar dawowa, gab da magariba, wata tifa ta same shi a wata kwana kafin shiga gari. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce bai yi magana ba. Washegari da safe muka kai shi. Shekararsa talatin da ɗaya.

Yana ƙarami bai yi magana da wuri ba. Mahaifiyarsa Sauda ta damu, ni na ce a jira. Da ya fara kuwa, sai yake yinta a hankali, kamar mai ɗanɗana kowace kalma kafin ya sake ta, kuma haka ya girma. Ba yaro ne mai kaifin lissafi ba. Zaman farko na jarrabawa ya faɗi shi warwas, ya yi shekara a gida yana jiran zama na biyu. A shekarar nan ne na riƙa jin murya a kan soro da la'asar, in hau in tarar shi kaɗai ne, yana yi wa kansa bayani da Hausa a fili, yana tambaya yana amsawa, kamar su biyu ne. Daga baya ya gaya min cewa ranar da ya daina jin kunyar yi wa kansa tambayar wauta, ranar ya fara ganewa.

Bayan jami'a ya koyar a wata makarantar kuɗi na ɗan lokaci. Ba ya fushi in an maimaita tambaya. Yana da wata ɗabi'a: in ya zo wurin da ya san mutane na tuntuɓe, sai ya ce, "To, a nan a huta," ya yi shiru na gaske, har sai wanda ke baya ya iso. Shugaban makarantar ya ce yana ɓata lokaci. Ya bar aikin ba tare da faɗa ba.

Ranar Juma'a da hantsi muna zaman makoki a zaure, cike da mutane, sai wayoyi da yawa suka yi ƙara a tare, har da tawa. Na duba. An rubuta: "Malam Ɗanlarai ya buɗe maka sabon darasi. Bismillah." Wani ɗan sanda da ya zo gaisuwa cikin kayan aiki ya karanta tasa, ya miƙe ya fita, muka jiyo shi a waje.

Yayana, wanda kowa a gidan ke kira Bappa, ya juyo ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Obadiya ya matso. Ya ce Ɗanlarai ya riga ya jera darussan zangon duka, ya sa wa kowane ranarsa, manhajar ce ke buɗe su da kanta duk Juma'a. "Zan iya kashewa yanzu, Baba. Ban tuna ba ne. Ku yafe ni."

Na ce a tambayi matarsa, don ita ma na san ya sa ta a ajin. Na shiga ciki na tsaya a bakin labulen ɗakin da take takaba. Na gaya mata abin da Obadiya ya ce. Can ta ce, "Baba, a bar shi ya gama zangon da ya ɗauka. Bai taɓa barin aji a tsakiya ba."

Aka bar shi. Duk Juma'a da hantsi saƙon ke shigowa, ni kuma in zauna a zaure in sa waya a kunne. Na yi darasin kashi cikin ɗari, na yi na kusurwoyi. Muryar na fitowa a tattare, ba gefe ba baya, kamar a cikin kaina ake magana. In ya ce a huta, sai shirun ya buɗe, in ji kurciya a nesa, in ji iska na taɓa jinka, wani lokaci in ji numfashinsa. Ban san sau nawa na mayar da waɗannan wuraren baya ba. Aikin gida ma ina yi in tura. Obadiya ke dubawa yanzu shi kaɗai. Sau ɗaya ya maido min da nawa ya rubuta, "Baba, a sake duba lamba ta huɗu." Da na duba, gaskiyarsa ce.

Bayan sadakar arba'in Bappa ya kira ni. Shi ke raba gado a unguwarmu, kuma ba ya sassauta wa na gida. Ya lissafo babur, kwamfuta, sutura, littattafai, sannan ya ce, "Saura wannan makarantar ta iska. Dukiya ce ko ba dukiya ba ce? In dukiya ce, rabi na yarinyar nan ne. Haƙƙin marainiya ba a kyauta da shi, ba a kuma yi masa kintace. Kai ne ɗan bokon. Kawo min ƙimarta."

A makon nan ne kuma wata mai makarantar kuɗi a GRA ta aiko. Tana so ta sayi darussan gaba ɗaya, a sauke su daga intanet, su zama na ɗalibanta kaɗai. Abin da ta taya zai iya biyan karatun Habibatu na firamare har ta gama. In na karɓa, ajin teloli da matan aure ya rufe, Obadiya ya koma neman aiki. In na ƙi saboda son zuciyata, na ci haƙƙin jikata. Ba ni da ikon zaɓar wanda ya fi min daɗi. Abin da ke wuyana shi ne in faɗi gaskiyar darajar abin.

A sana'armu hanya uku ake bi. Ta farko, a kwatanta da makamancin abin da aka sayar kwanan nan. Ban sami wanda ya taɓa sayar da irin wannan a Bauchi ba, sai tayin matar nan kaɗai. Ta biyu, a duba abin da za a kashe a sake gina irinsa. Manhajar kyauta ce, ba ta Ɗanlarai ba ce balle a gaje ta. Wurin ajiyarta a intanet haya ne. Makirufon ana samunsa a kasuwar Wunti. Abin da ba a saye shi ne mai maganar, shi kuwa ba shi da shafi a littafin da na koya. Ta uku, a duba abin da kadarar ke kawowa. Wannan ita ce ta ci min lokaci.

Wata safiya na je Wunti karɓar ɗinki. Ina ratsa layin teloli sai na ji an ce, "To, a nan a huta." Ƙafata ta tsaya da kanta. Wani tela ne da ban sani ba, ya jingine waya a jikin kekensa, ya ɗauke ƙafa daga feda yana jiran shirun ya wuce. Kasuwar na ta hayaniyarta, amma a rumfar nan kurciyar Miri ke kuka.

Na yi sallama na ce, "Kai ɗalibinsa ne?"

"A'a, Alhaji. Turo min aka yi. Duk layin nan muna da shi. Ka san shi ne?"

Na ce na san shi.

Daga ranar na fara kasa kunne. Na ji shi a cikin Keke Napep a hanyar Gombe. Na ji shi ta tagar wani gida a Nasarawa, ana wanke-wanke. Sauda ta ce ta ji shi a gidan suna. Ya riga ya bazu a garin daga waya zuwa waya, ba wanda zai iya tattaro shi.

Wannan magana ce da dole mai saye ta sani. Na je GRA na same ta a ƙarƙashin manyan itatuwan gidanta, na gaya mata cewa abin da take son ta keɓe wa ɗalibanta yana hannun kowane tela a Wunti.

Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ai da ka yi shiru da ban sani ba."

"Da kin sani kafin zango ya ƙare, Hajiya, kuma da sunan ɗana za ki tuna."

Ta yi min ta'aziyya da kyau, ta janye tayinta. Na fito ina tafiya a hankali a gefen titin nan mai faɗi, ina tunanin karatun firamaren da na bari a kan teburinta.

Na nemi Obadiya ya nuna min waɗanda ke biya. Ba su da yawa, amma ba su ragu ba tun rasuwar, har sun ɗan ƙaru. Na kira wasu na tambaye su me ya sa suke biyan abin da za su iya samu kyauta. Wata mata ta ce, "Baba, sauraro daban, a duba maka daban. Murya ba ta gaya min inda na ɓata." Na tambayi sababbin ta ina suka san makarantar. Kusan duk amsa ɗaya: turo musu aka yi, suka saurara, jarrabawa ta matso, suka nemi mai dubawa.

Da kaka ta kusa na je Miri. Dawa ta sunkuyar da kai. Amos, wanda ke noma mana gonar tun zamanin mahaifina a raba amfani, ya riƙe min tsani na hau na leƙa rumbun. Haske na sauka ta bakin murfin a miƙe, ya faɗa kan buhun da yake zama. Sanyi ne a ciki, da ƙanshin tsohuwar dawa. Na yi gyaran murya, ba abin da ya dawo min. Na daɗe a kan tsanin har Amos ya ce, "Alhaji, a sauko haka, tsanin ya tsufa."

Muna zagaya gonar yana nuna min inda ruwa ya ci, ina jinsa da rabin kunne. Gonar nan ba ta taɓa kawo ko zangarniya ɗaya da kanta ba. Ba mu taɓa sayar da ita ba, ba mu kuma taɓa noma ta da hannunmu ba. Shi ke da gumi, mu ke da ƙasa, kowace kaka a raba. Kafin mu dawo gindin rumbu na san a wane babi zan sa makarantar.

Muka zauna a zauren Bappa, ni da shi da Obadiya. Amatullah ta wakilta ni da bakinta. Na karanta abin da na rubuta, shafi ɗaya: manhajar ba ta kowa ba ce, darussan na Ɗanlarai ne, amma ba su da kuɗin sayarwa domin ba su kulluwa, suna da kuɗin aro, domin su ke kawo ɗalibai ga mai dubawa. Makarantar za ta iya biyan hayarta ta ciyar da malami ɗaya, ba biyu ba. In aka sauya tsarin jarrabawa darajarta za ta faɗi. A sake dubawa duk shekara.

Bappa ya ce, "Duk wannan turancin, gona kake nufi?"

"Gona nake nufi."

"To ka ce gona mana tun farko. Karatun Zariya ya ɓata ka." Ya juya ga Obadiya. "Kai yaro, za ka noma?"

"Zan noma, Bappa. Ku ɗauki rabi."

Na ce kashi ɗaya cikin uku, bayan an cire haya. Ya ce wallahi rabi. Bappa ya ce masa, "Kai da ba ka salla, wa ya koya maka rantsuwa?" Obadiya ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun ranar Talatar nan, sannan ya rufe fuska da hannu.

Na ce masa, "Ba alfarma nake maka ba. Rabi zai karya ka kafin zango biyu, gonar ta koma saura, yarinyar ta tashi ba komai. Ɗaya cikin uku za ka iya ɗauka shekara da shekaru."

Ya ce, "Ƙofar fa? In rufe?"

Na ce, "Ta nan suke shigo maka."

Ban san ko abin da zai taru zai kai tayin GRA ba. Lissafina ya ce zai kai in makarantar ta yi shekara shida, kuma na rubuta hakan a ƙasan shafin don wanda zai tuhume ni wata rana ya sami abin riƙewa.

Zangon ya ƙare Amatullah na cikin takaba. Ta ce daga nan saƙon Juma'a ya riƙa zuwa da sunan Obadiya, a kuma cire wayarta daga ajin. Aka yi yadda ta ce.

Sauran kayan ba su ba da wahala ba. Babur ɗin, mai gyara ya saye shi a yadda yake. Manyan rigunansa ƙannensa suka saya a kuɗin da Bappa ya yanke, aka zuba a gado, ƙananan kuma Sauda ta karɓa a rabonta ta bayar a Miri. Littattafan sun faɗo a nawa rabon. Kwamfuta da makirufo aka ba Obadiya aro tare da darussan, ya sa hannu. Ni da Sauda muka bar wa Habibatu kasonmu na darussan, Amatullah ta riƙe tumuninta. Bappa ya jawo takardar rabon, ya nemi inda zai rubuta su, bai sami layin da ya dace ba. Sai ya sa su a ƙarƙashin gonaki, da sunan Habibatu.